Littafin Kells: Zayyanar da ɓarayi suka yar bayan sun kwashe zinare

A shekarar 1007 ɓarayi suka shiga cocin garin Kells da ke ƙasar Ayalan cikin dare, suka sace wani babban littafin Linjila. Bayan watanni biyu da 'yan kwanaki aka tsince shi a binne cikin ƙasa, an ɓalle bangonsa mai ado da zinare.

Abin da ɓarayin suka yar shi ne dubban mutane ke bin layi domin gani yau a Kwalejin Trinity da ke Dablin.

Masana na ganin sufayen Kirista ne suka rubuta shi wajen shekarar 800, wataƙila a tsibirin Iona na Sikotilan. A 806 maharan Viking suka kashe mutum 68 a tsibirin, abin da ya sa sufaye da dama suka koma Kells.

Littafin na da ganye 340 na fatar maruƙa, ɗauke da Linjila huɗu cikin Latin. Kowace Linjila tana buɗewa da shafin da kalmomin farko suka rikiɗe suka zama zayyana.

Mafi shahara shi ne shafin da ke buɗe labarin haihuwar Almasihu a Linjilar Matiyu. Haruffan Girkanci da ke taƙaita sunansa sun mamaye kusan duk shafin. Wanda ya ƙura ido zai ga kyanwoyi da ɓeraye, da karen ruwa riƙe da kifi a baki, duk a ɓoye tsakanin layukan da suka sarƙe da juna.

Babu ko ɗigon zinare a shafukan. Ruwan ɗorawa daga wani ma'adini aka samo shi, shuɗin kuma daga ganyen wani tsiro mai ba da shuni irin wanda marina ke samu daga baba.

Rubutun kansa na da kurakurai, har akwai shafin da aka maimaita. Wannan na cikin abin da ya sa ake ganin an yi littafin ne domin a nuna shi a coci ranakun bukukuwa, ba don karatun yau da kullum ba.

Haske na dusashe launi, shi ya sa shafuka kaɗan kawai ake buɗe wa baƙi a lokaci guda. Amma kwalejin ta ɗora hotunan littafin duka a intanet kyauta. Idan ka buɗe a wayarka, ka faɗaɗa hoton ka nemo ɓerayen nan.