Murfin Bawul da Shekarun Inji

A unguwar Aziziyya ta birnin Makka, inda ɗimbin alhazai kan sauka saboda kusancinta da Mina, an daɗe ana jigilar mutane da manyan motocin Amurka, irin su Chevrolet da GMC. Wanda zai sayi tsohuwarsu tilas ya san shekarun injinta, domin sabon fenti yakan ɓoye tsufa. Murfin bawul shi ne shaida ta farko.

Ƙaramin injin Chevrolet mai silinda 8 ya fito a 1955. Daga nan zuwa 1959, ramukan noti huɗu da ke bakin murfin ba su fuskantar juna sosai. Bayan haka aka daidaita su, biyu daura da biyu. A 1987 kuwa aka mai da su tsakiyar murfin.

Sai dai murfi zamani kawai yake nunawa, kuma ana iya sauya shi. Tabbatacciyar shaida tana bayan gangar injin, inda aka zuba kwanan wata a jikin ƙarfe: harafin A na nufin Janairu, L Disamba, sannan rana, sannan lambar ƙarshen shekara. Idan shaidun biyu suka saɓa, mai saye ya dakata da biyan kuɗi.