Ɗan Bakatsiniya a Kotun New York

A ƙarshen watan Yuni na 1847 wani jirgin ruwa ɗan Birazil mai suna Lembrança ya tsaya a tashar New York, maƙare da buhunan gahawa daga birnin Rio. Cikin ma'aikatan jirgin akwai wani baƙin saurayi da ake kira José da Costa. Sunan aro ne. Da Costa ɗin na kyaftin ne, Clemente José da Costa, wanda ya sa kuɗi ya saye shi kamar yadda ake sayen jaki a kasuwar Caranci. Sunansa na yanka Muhammadu, laƙabinsa Gado, uwarsa kuma Bakatsiniya ce.

Mu a nan Rawayau, in baƙo ya sha ruwa ya huta, tambayar da ke biyo baya ita ce daga ina, kuma ɗan gidan wa. Ko daga Kurfi ka zo ko daga Dutsin-Ma, da wuya a tashi hira wani dattijo bai gano inda kakanka ya haɗu da nasa ba. Wannan tambaya ita ta yi ta bin saurayin nan ƙasa bayan ƙasa, kuma duk inda ya sauka sai mutanen wurin su amsa masa ita da kansu, ba tare da sun jira ta bakinsa ba.

An haife shi a shekarun 1820 a garin Zugu, wanda taswira ke rubutawa Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau. Wanda ya taɓa jin tsofaffi na labarin fatauci ya san dalilin da zai kai 'yar Katsina can. Zugu zango ne babba a hanyar Gwanja. Madugu zai tashi da ayarinsa daga Kano ko Katsina, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni ana tafiya har Salga, a juyo da goro. Duk inda ayari ya saba sauka, Hausawa sukan kafa unguwa, a yi masallaci, a yi auratayya. Dangin uwar Muhammadu mutanen wannan hanya ne, masu abin hannu. Kawunsa maƙerin sarki ne, yana kuma da gida a Salga. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, Musulmi mai riƙo da salla.

Turawa sun rubuta sunansa Mahommah Gardo Baquaqua. Gardo ɗin nan Gado ne, sunan da ake ba wanda ya biyo bayan tagwaye, wanda wasu ke cewa Gambo, kuma shi da kansa ya ce bayan tagwaye aka haife shi. An sa shi makarantar allo a hannun wansa, wanda malami ne, amma yaron ba ya son karatu, kullum gudu. Da aka gaji sai aka miƙa shi maƙerar kawunsa, ya koyi ƙera allura. Bai ɓoye wannan ba da ya zo ba da tarihinsa, abin da ya sa nake yarda da sauran maganarsa. Mai ƙarya da ya mai da kansa ɗan sarki ko shehin malami.

Sau biyu ana kama shi. Na farko a yaƙi, a wajen Daboya ta ƙasar Gwanja, inda ya je dako, wansa ya fanso shi. Na biyun shi ne wanda babu dawowa. Ya zama yaron wani sarki kusa da Zugu, yana cikin dogarai, ya samu fada, ya kuma koyi shan giya. Wata rana yana marmarin ganin uwarsa, wasu da yake ɗauka abokai ne suka ce za su raka shi. Suka bi da shi wani ƙauye, aka yi ta zuga shi ana cika masa ƙoƙo, har ya bugu ya yi barci. Da gari ya waye abokai sun gudu, shi kuma an riga an karɓi kuɗinsa.

Daga hannu zuwa hannu aka gangara da shi kudu, ta ƙasar Dahomey, har bakin teku wajen Wida. A 1845 aka cusa shi cikin jirgin bayi. A ƙasan jirgin ba a iya miƙewa tsaye, abinci dafaffiyar masara, ruwa ɗan kurɓi a yini, wanda ya mutu a jefa shi teku. Tun 1831 dokar Birazil ta hana shigo da bayi daga Afirka, saboda haka a ɓoye aka sauke su a wata gaɓa ta lardin Pernambuco. Wani mai gidan burodi ya saye shi. Ya ɗauki duwatsun gini a ka, ya yi tallan burodi, ranar da bai sayar ba ya sha bulala. Ya koyi harshen Fotugal, ya gwada biyayya bai ga sauƙi ba, ya koma giya, har ya taɓa faɗawa kogi don ya huta, aka tsamo shi. Daga nan aka kai shi Rio aka sayar. Ya ce a can wani baƙar fata irinsa ya taya shi, abin da ya nuna masa cewa mai iko da kuɗi ke riƙe bawa, ko wane launi gare shi.

A hannun kyaftin da Costa ya ji labarin wata ƙasa da babu bauta, kuma kalmar Turanci ta farko da ya koya a jirgin ita ce mai nufin 'yanci. Jihar New York ta 'yanta bayinta tun 1827. Da jirgin ya tsaya, masu yaƙi da bauta na birnin suka ji cewa akwai bayi a ciki, suka kai ƙara. Alƙali Charles Daly ya saurara, ya yanke cewa waɗannan ma'aikatan jirgin Birazil ne, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin Amurka da Birazil ta ce a mayar wa kyaftin ma'aikatansa. Ka ji fa. Ɗan Zugu, jikan Katsinawa, wanda shekara biyu kacal ya yi a Birazil, kuma a ɗaure ya shige ta, ga shi kotu ta lissafa shi cikin kayan Birazil. Aka ɗaukaka ƙara, aka ajiye shi da ɗan'uwansa bawa a gidan yarin titin Eldridge. Wata safiya ta watan Agusta aka duba ɗaki babu kowa. Masu taimakon bayi sun fitar da su cikin dare, suka wuce da su Boston, daga can aka sa su a jirgi zuwa Haiti, ƙasar baƙaƙen da suka karya bauta da takobinsu.

A Haiti ya samu 'yanci, ya kuma sha yunwa. Ba ya jin yarensu, ba shi da kowa, yana kwana a titi, har wani fasto Ba'amurke, William Judd, da matarsa suka ɗauke shi aiki a gidansu. A 1848 aka yi masa baftisma. Na san nan ne mai karatu zai ɓata fuska, ni ma ban ji daɗin wurin ba. Amma labarin gaskiya ba a yi masa kwaskwarima, kuma wanda bai taɓa kwana uku da yunwa a ƙasar da ba a kiran salla ba ya sassauta hukunci. Abin lura shi ne sunan José ya yar da shi tun a New York, bai kuma ɗauki wani sunan Nasara ba. Har ƙarshen abin da aka sani na rayuwarsa, da Mahommah yake sa hannu a wasiƙunsa.

A ƙarshen 1849 ya koma Amurka, ya shiga kwalejin New York Central da ke McGrawville, ya yi kusan shekara uku. Makaranta ce ta daban a zamaninta: baƙi da farare, maza da mata, aji ɗaya, har da malamai baƙaƙe irin su Charles Reason da William Allen. Sai dai jama'ar jihar ba su kai makarantar wayewa ba. A 1853 taron farare suka tasar wa Allen saboda zai auri wata farar ɗaliba, dole ya bar ƙasar. Shi kuwa Muhammadu, farare na ganinsa baƙi kawai, baƙaƙen da aka haifa a can na ganinsa mutumin Afirka mai karyayyen Turanci. Hankalinsa duk yana gida. Ya yi ta yawon majami'u yana neman kuɗin komawa, ya rubuta wa ƙungiyar mishan da ke da tasha a Saliyo ta tura shi ko da tafinta ne, abin bai yiwu ba. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa zancensa ba ya wuce uwarsa.

Ya ƙetara Kanada, ya zauna a Chatham, inda bayi da yawa da suka tsere suka taru. A 1854 aka buga tarihinsa a Detroit, da taimakon wani Samuel Moore. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma shi ne kaɗai labarin da aka sani wanda haifaffen Afirka da ya yi bauta a Birazil ya bayar da bakinsa, alhali mutanen da aka kai ƙasar sun haura miliyan huɗu. A ciki ya faɗi sunan garinsa da ƙofofinsa, da yadda ake aure da azumi, da garin uwarsa, wanda aka rubuta Kashna.

Kashnar nan ta sake fitowa a wani littafin na Amurka, ta fuskar da ba za mu so ba. Mai littafin, Muhammadu Ali ɗan Sa'id, Babarbare daga Kukawa, ɗan Barka Gana jarumin Shehu Laminu, Buzaye suka sace shi yana yaro, kuma a Katsina aka sayar da shi ga wani Balarabe da ya keta Sahara da shi. Ta Tarabulus da Istanbul da Rasha ya biyo, ya iso Amurka a 1860, ya koyar a Detroit ɗin nan dai, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a yaƙin basasar da ya kashe bauta. Nicholas Said suke kiransa. Gari ɗaya, wani daga cikinsa uwarsa ta fito, wani a kasuwarsa aka yi cinikinsa. In za mu yi alfahari da na farko, sai mu haɗa da na biyun mu riƙe.

A farkon 1855 Muhammadu Gado ya shiga jirgi zuwa Liverpool, da niyyar samun hanyar Afirka daga Ingila. Labarinsa na ƙarshe a takarda na 1857 ne, yana can yana ta neman mai tura shi gida. A wannan shekarar ce Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Dred Scott, ta ce baƙin da ya fito daga tsatson bayi ba zai zama ɗan ƙasa ba. Sai a 1868 aka gyara tsarin mulki, duk wanda aka haifa a ƙasar ya zama ɗanta.

Zama ɗan ƙasa bai dawo wa jikokin bayi da asalinsu ba. Ba'amurke fari yakan ce shi ɗan Ailan ne ko ɗan Italiya ko Bajamushe, ya nuna ƙauyen kakansa a taswira. Baƙi in ya bi takardu baya, yawanci a 1870 yake cin karo da bango, domin ƙidayar wannan shekarar ce ta fara rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A ƙidayar 1850 da ta 1860 sunan ubangida ake sawa, bawa kuwa shekarunsa da jinsinsa da launinsa kawai. Shi ya sa littafin Roots na Alex Haley, na 1976, mai labarin Kunta Kinte, ya girgiza ƙasar. Shi ya sa kuma tun 2003 kamfanin African Ancestry, na Rick Kittles da Gina Paige, ke cin kasuwa: mutum ya goga auduga a cikin kumatunsa ya aika, ya biya daloli, a dawo masa da takarda mai cewa tsatsonsa ya yi daidai da na Yarbawa, ko Mende, ko Fulani, ko Hausawa. Ɗaya daga gwaje-gwajen layin uwa zalla yake bi, uwa, kaka, uwar kaka. Ni dai ina ɗaukar sakamakon da taka-tsantsan. Jini bai san Hausa ba, kuma mu da kanmu mun san Bahaushe nawa ne kakansa Babarbare ne ko Buzu ko Banufe. Gwajin kan nuna yanki, ba ya faɗin gari, balle gida. Abin da suke biya su samu rabinsa, Gado ya san shi cikakke, ya kuma sa an rubuta.

A 2001 masana tarihi biyu, Robin Law da Paul Lovejoy, suka sake buga littafinsa haɗe da wasiƙunsa. A 2024 Jamhuriyar Benin, ƙasar da Zugu ke ciki, ta yi dokar ba jikokin bayin da aka kwashe takardar zama 'yan ƙasa. 'Yan Birazil sun fassara littafin zuwa harshensu suna cewa Gado nasu ne, Amurkawa na lissafa shi cikin marubutansu baƙaƙe. A Katsina kuwa, je ka tambayi mutum goma a Ƙofar Soro ka ji ko akwai wanda ya taɓa jin sunansa.

Littafin bai faɗi sunan uwar ba, bai faɗi unguwarsu ba. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga aiki a ƙofar gida. Kai kuma mai karatu, in a zuriyarku akwai tsohuwar da ke tuna cewa kakanni sun yi fataucin Gwanja, ko an taɓa aurar da wata 'yar gidan a Zugu, ɗauki biro da takarda ka je ka gaishe ta yau.