Gaskiya ko Jita-jita: Yadda Ake Cin Birni Mai Ganuwa

Mun taso muna jin labarin yaƙe-yaƙen da a bakin kakanni da makaɗa. Akwai gaskiya mai yawa a ciki, amma wasu abubuwa sun karkace a hanya.

"Jarumi guda ke cin birni, a rana guda"

Haka labarin ke iso mana, domin makaɗi sunan sarkin yaƙi yake riƙewa da ranar nasara, watannin zaman jira kuwa ba sa shiga waƙa. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta ishe mu shaida. Rundunar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta tasam mata tun ƙarshen 1804, ta yi asarar rayuka masu yawa a Tsuntsuwa, ta janye. Birnin bai faɗi ba sai a 1808, a hannun Muhammadu Bello, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. A tsakanin nan an ci Birnin Kabi a 1805, Katsina da Kano suka bi baya, har Gobir ta rasa mai kawo mata gudummawa.

"Mai dawaki da yawa shi ke da nasara"

A fili, wannan zance yana da ƙamshin gaskiya. A gindin ganuwa kuwa, doki ba ya tsallake rami da sarƙaƙiya, ga ƙofa matsattsiya, ga 'yan baka a sama. Abin da ya fi karya birni shi ne yunwa: a tare hanyoyi, a lalata amfanin gona, a jira rumbu ya ƙare. Shi ya sa ganuwar Kano ta haɗa har da gonaki da kududdufai a cikinta. Idonmu ya saba da kwarjinin doki a hawan Sallah, sai muka ɗauka shi ne komai.

"Turawa ne suka koya mana dabarar ƙawanya"

Fina-finai da littattafan makaranta sun fi nuna mana Rumawa, kuma lallai sun gwanance. A Alesiya, cikin Faransa ta yau, shekara 52 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Juliyas Kaisar ya kewaye garin da shinge biyu, ɗaya na tsare na ciki, ɗaya na tare masu kawo ɗauki, har yunwa ta sa na ciki suka miƙa wuya. Sai dai Rumawa ba su taɓa mulkar ƙasar Hausa ba, kuma tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, aka fara ginin ganuwar Kano. Abin da Turawan Ingila suka zo da shi igwa ce ta zamani da bindiga mai ruwa, waɗanda suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Kafin watan ya fita, dawakin Kano suka yi karo da sojojinsu a Kwatarkwashi, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, inda Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama.