Iskar da Ke Cin Tunani a Gindin Rijiya

Masu nutso a teku sun daɗe da sanin wani maye da ba na ƙwaya ba. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne. A tudu ba ya komai, amma idan mutum ya kai zurfin mita 30, inda matsi ya ninka huɗu, sai ya dagula ƙwaƙwalwa. Likitan sojan ruwan Amurka, Albert Behnke, shi ya gano haka a 1935. A wannan zurfin sai lissafi ya cushe, abin da aka nuna wa mutum a can ƙasa kuma da ƙyar yake tuna shi idan ya fito. Sauƙin abin, da ya hauro kai zai washe cikin mintoci.

Mu a Ikara ba mu da teku, amma muna da masu haƙa da masu yasar rijiya, kuma matsalarsu ta fi muni.

Noman rani ya cika garuruwanmu, daga Makarfi har Hunƙuyi, da injin ban ruwa mai fetur. A da, da guga ake kwashe ruwa kafin yasa, aikin yini guda. Yanzu inji yana gamawa nan da nan. To, shi injin ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, shi ya sa wasu ke zura shi cikin rijiyar da igiya. Hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid, guba marar launi, marar wari, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200. Tsohuwar dabarar zura fitila, a ga ko za ta mutu, ba ta tona wannan gubar.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka ciro da rai. A yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo, a yi hamdala a watse. Bayan kwanaki ko makonni sai mantuwa ta yi sallama: a aike shi kasuwa ya rasa me aka ce ya sayo, yaro ya kasa riƙe karatun allonsa, domin gubar tana taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon abu. Sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi mai ruƙiyya. Oksijin yake buƙata tun ranar farko, a babban asibitin Ikara ko na Shika, ko da ya miƙe da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau.