Me Ya Sa Muka Dasa Ganye Mai Launin Shunayya?

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanku kun tambaye mu dalilin dasa tsiron nan mai duhun ganye a gaban ajujuwa. To ga amsa.

Lambun da yake kore zalla ba ya jan ido. Amma idan aka jera ganye mai launin shunayya kusa da kore ko ruwan ɗorawa, kowanne sai ya fito sosai. Tsiron da muka zaɓa, masu sayar da furanni suna kiransa Purple Heart, asalinsa daga ƙasar Meziko ne. Sinadarin antosayanin ne ke ba shi launin, irin wanda ke sa zoɓo ja.

Yana son rana, domin a inuwa launinsa kan koɗe ya koma kore. Dasa shi ba wuya: a yanki reshe mai gaɓa, a binne gaɓar a ƙasa mai laima, sai ya yi saiwa. Yana kuma jure ƙarancin ruwa a lokacin rani.

Sai dai rassansa na saurin karyewa, ruwansa kuma kan sa ƙaiƙayi. Don Allah mu daina taka shi lokacin tara, mu riƙa rufe ƙofa saboda awaki.