Kifin Salmon da Masu Fatsar da Suka Koma Gadinsa

A arewacin Tekun Atlantika, inda sanyi yake mulkin rabin shekara, akwai wani kifi da ake kira salmon, wanda al'amarinsa ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, yana kuma sace zukatan masu fatsa, har ya zamana mutum mai hankali da wadata ya bar iyalinsa da sana'arsa, ya shiga kogi mai sanyin ƙanƙara iyakar ƙugu, ya wuni a tsaye tun hantsi har magariba yana begen kifi guda, wanda ko da ya kama shi, a yawancin koguna yau sakinsa zai yi. Wanda ya tashi a inda ake su domin tukunya da kasuwa lalle zai ga wannan abin mamaki ne, watakila ma ya kira shi wauta. Amma in ya yi haƙuri ya ji tarihin kifin da abin da ya same shi a hannun ɗan Adam, zai tarar akwai mas'ala a ciki wadda ta cancanci nazari.

Ana samun wannan kifi a koguna fiye da 2,000, daga arewacin Fotugal da Sifen, zuwa Faransa da Birtaniya da Norwe da Aisilan har arewacin Rasha, a ɗaya gaɓar kuwa daga jihar Maine ta Amurka zuwa gabashin Kanada. Rayuwarsa tana farawa ne a can saman kogi, inda ruwa yake garau yana gudu a kan tsakuwa. Wajen watan Nuwamba uwar takan kwanta a gefe guda, ta yi ta kaɗa wutsiya da ƙarfi har ta haƙa rami a cikin tsakuwar, ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya ba su maniyyi, sa'an nan ta matsa gaba kaɗan ta sake haƙa, tsakuwar da ta tayar ta gangaro ta rufe na farko. Ƙwan yakan kwana a nan hunturu duka, sai sanyi ya sassauta ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sukan zauna a kogin shekara biyu ko uku, a ƙasashen da suka fi sanyi ma fiye da haka, suna cin ƙwari, jikinsu da ɗige-ɗige mai sajewa da duwatsu. Har ran da tsawonsu ya kusa taƙi, sai wani sauyi ya zo musu daga ciki, launinsu ya koma na azurfa, jikinsu ya shirya wa ruwan gishiri wanda da can da zai kashe su, su juya su bi ruwa zuwa teku a watannin Afrilu da Mayu.

Daga nan sai tafiya mai nisa. Wasu su nufi Tekun Norwe da kewayen tsibiran Faroe, wasu su kai har yammacin Girinlan, inda kifin Turai da na Kanada suke haɗuwa a makiyaya guda, tafiyar dubban kilomita. Bayan shekara ɗaya, ko biyu, ko uku, kifin da ya fita bai fi taƙi ba ya zama ƙato mai kilo 3, ko 10, ko fiye. Sa'an nan, kamar ɗan ci-rani da ya ji ƙamshin damina, ya juyo gida. Abin da ya fi ba ni mamaki a dukan ƙissar nan shi ne, ba kowane kogi yake shiga ba, sai wanda aka haife shi a ciki, sau da yawa ma reshen nan da ya fito. Masana sun tabbatar cewa idan ya kusato gaɓa da hanci yake gane ruwan garinsu, domin ya riƙe ƙamshinsa tun ran da ya fita. A tsakiyar teku kuwa galibinsu suna ganin da maganaɗisun ƙasa yake samun alƙibla. Ko ta yaya ne, mai imani ba zai rasa ganin ilhamar Mahalicci a nan ba. Yana haurawa yana gaba da igiyar ruwa, yana tsallake magangara mai tsawon kusan mita 3, kuma, ga inda maganarmu take, tun daga ran da ya shigo ruwan daɗi ya daina cin abinci, da kitsen da ya tara a teku zai rayu watanni har ya hayayyafa.

To, kifin da ba ya ci, yaya za a yi ya haɗiyi ƙugiya? Wannan tambaya ita ce tushen sana'ar duka, kuma masu yinta sun yi ƙarnuka suna saɓani a kanta, wasu su ce fushi ne, wasu su ce son sani, wasu su ce tunawa ce da ƙwarin da ya ci yana ƙarami. Abin da suke ɗaura masa ba tana ba ce, ba ɗan kifi ba. Ƙugiya ce da aka yi wa ado da gashin tsuntsu da zaren siliki da na azurfa, har ta yi kama da wani ƙwaro ko jatan lande, shi suke kira ƙuda. Da yake ƙudan ba shi da nauyin da zai ja igiya, sai aka mai da nauyin cikin igiyar kanta, mai kauri, ita ake wurgawa ta ɗauki ƙudan. Sandar kuwa doguwa ce, ƙafa 13 zuwa 15, da hannu biyu ake riƙe ta. A kogin Spey na ƙasar Sikotlan, inda itatuwa da tudun gaɓa suke hana mutum kai igiya bayansa, masu fatsa na ƙarni na 19 suka ƙago wata dabara wadda har yau take ɗauke da sunan kogin: mutum ya ɗaga sandar a hankali, ya zagayo da ita ta gefe har ƙarshen igiyar ya taɓa ruwa kusa da shi, sauran ta yi lanƙwasa a bayansa, sa'an nan ya tura gaba, igiyar ta warware a bisa ruwa ta ajiye ƙudan can ƙetare. Ruwa ya ɗauko ƙudan ya zagayo da shi sannu sannu har ya miƙe a ƙasan mai fatsa. Ya yi taki ɗaya, ya sake jifa. Haka zai yi ta yi har ya gama gurbin, mai yiwuwa mako guda bai ji ko motsi ba. Ran da kifin ya taɓa kuwa, darasi mafi wuya shi ne kada a fizga, gama wanda ya fizga zai zare ƙugiyar daga bakinsa. Sai a daure, a bar shi ya juya da ita, igiya ta yi nauyi, kana a ɗaga sanda.

Ba zan ɓoye cewa wannan wasa ya daɗe a hannun masu hali ba. A Sikotlan haƙƙin fatsar salmon dukiya ce da ake saye da sayarwa, kogi a rarrabe yanki yanki, kowane yanki da ma'aikacinsa masanin ruwa mai nuna wa baƙo inda kifi yake kwanciya, doka kuma ta hana kama shi ran Lahadi. Ɗaya daga irin waɗannan ma'aikata, Jock Scott na kogin Tweed, shi ya ɗaura wajen 1850 ƙudan da ya fi kowane shahara, wanda a cikin kayan haɗinsa har da gashin zabo da na jimina da na ɗawisu. A 1924 wata mata, Clementina Morison, ta kama salmon mai laba 61, kusan kilo 28, a kogin Deveron, wanda ba a kama wanda ya fi shi da ƙuda a Birtaniya ba. Zamanin yalwa ke nan, lokacin da ake jera kifi a ciyawa a ɗauki hoto, ba wanda ya ɗauka ni'imar nan tana da iyaka.

Alhali kuwa fasadin ya riga ya fara. Kogin Rhine, wanda a 1885 aka kama salmon wajen 250,000 a cikinsa, bai kai ƙarshen shekarun 1950 ba sai da ya rasa kifinsa ƙaƙaf, saboda madatsun ruwa da dattin masana'antu. Haka kogin Thames, da yawancin kogunan arewa maso gabashin Amurka. Sa'an nan aka gano makiyayar Girinlan, jiragen masunta suka yi mata caa da taru, har a 1971 aka kwashi kusan tan 2,700 a can. Ganin haka ƙasashen da abin ya shafa suka yi ittifaƙi suka kafa hukumar kare salmon ta NASCO a 1984, mai mazauni a Edinburgh, aka hana kamun salmon a yawancin tsakiyar teku. Amma mutumin da na fi jinjina wa a wannan babi shi ne Orri Vigfússon, ɗan kasuwa kuma mai fatsa daga Aisilan, wanda ya kafa wani asusu a 1989 bisa hujja mai sauƙi, cewa masuncin taru ba maƙiyi ba ne, mai neman abinci ne, saboda haka adalci shi ne a biya shi diyyar abin da zai rasa in ya naɗe tarunsa. Ya bi masu fatsa da masu koguna ya tara kuɗi, ya daidaita da masuntan Faroe a 1991, da na Girinlan a 1993, ya ci gaba da haka har rasuwarsa a 2017. Kanada ma ta rufe kamun salmon na kasuwanci daki daki, daga 1984 zuwa 2000.

Da taru ne kaɗai illar, da yanzu koguna sun cika. Sai ga shi an janye taru, kifin bai daina raguwa ba, har yawansa ya faɗi da fiye da rabi tun shekarun 1980, kuma a Disamba 2023 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi cikin halittun da suka kusa shiga haɗari, na Birtaniya kuwa cikin waɗanda suka riga suka shiga. Mafi yawan asarar a teku take faruwa, inda ɗumamar ruwa ta sauya abincinsa. A wasu kogunan da ake ƙidaya, cikin ƙanana 100 da suka fita ba a samun 5 da suka komo. Ga kuma kiwon salmon a keji, wanda ya fara a Norwe wajen 1970, yau ƙasar tana fitar da fiye da tan miliyan 1 a shekara. Ɗaruruwan miliyoyin kifi a cunkushe a bakin teku sun zama matattarar wata ƙwarƙwatar ruwa mai cin fata, wadda takan maƙale wa ƙananan na daji sa'ad da suke wucewa. Waɗanda suka tsere daga keji kuma su haura koguna su gauraya da na daji, su raunana irin da ya yi dubban shekaru yana dacewa da koginsa. Wannan ita ta fi yi mini ciwo, domin datti ana iya share shi, madatsa ana iya rushe ta, amma iri in ya gurɓata babu mai tace shi.

A cikin wannan hali ne masu fatsa suka ɗora wa kansu al'adar saki, har a Sikotlan yau fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka kama da sanda ana mai da shi ruwa. Yin haka yana da ladubba. Ana danne ƙayar ƙugiya domin ta fita ba tare da yaga ba. Ba a jan faɗan har kifin ya galabaita. Ana tarbarsa da koma mai laushi marar ƙulli, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, a bar shi cikin ruwa, a tallabe shi ta ciki da wutsiya kansa yana fuskantar inda ruwa yake fitowa, har a ji ƙarfinsa ya komo ya fizge da kansa. In ruwa yana da sanyi mafi yawansu suna rayuwa su hayayyafa. In ya yi ɗumi kuwa haɗarin yana ƙaruwa, shi ya sa a kogin Miramichi na Kanada ake rufe wuraren fatsa idan zafi ya tsananta.

Duk da haka akwai tuhumar da bai kamata a tsallake ba. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta farautar da ba a nufin komai da ita sai wasa, ƙasar Suwizalan ma, bisa dalilin tausayin dabba, ta hana mutum ya jefa fatsa da niyyar sakin abin da ya kama. Hujjarsu tana da ƙarfi, gama kifin da aka soke aka ja bai san an yi masa rahama ba, wahala kawai ya sani. Abin da nake gani shi ne, saki shi kaɗai ba ya wanke mai fatsa; abin da zai iya tsaya masa shi ne maslahar da zamansa a bakin kogi take jawowa, idan har ya ɗauki nauyinta da gaske. Kuɗin izininsa ne yake biyan masu gadin da suke korar ɓarayin kifi da dare, rajistar kamunsa ce, wadda a wasu koguna ta haura shekara 100, take nuna wa masana yadda adadi yake tafiya, shi ne kuma yake fara ganin mataccen kifi ya kai ƙara. Kogin da ba mai fatsa a cikinsa sau da yawa ba shi da mai yi masa magana a gaban hukuma. Wanda kuwa ya kama ya saki ya ɗauki hoto ya tafi, bai ba da sisi ko sa'a guda ba domin kogin, tuhumar malamai tana nan a kansa.

Aikin da yake da amfani ƙwarai ba shi da ƙyalli. A kogin Penobscot na Maine, wanda daga 1912 har 1992 ake aika wa shugaban Amurka salmon na farko da aka kama a cikinsa, ƙabilar Penobscot da ƙungiyoyin masu fatsa da hukuma suka haɗa kai aka sayi madatsu, aka rushe ta Great Works a 2012 da ta Veazie a 2013. Salmon yana komowa da kaɗan kaɗan, amma wasu kifayen masu ƙaura irinsa sun dawo da miliyoyi. A saman kogin Dee na Sikotlan, inda a 2018 zafin ruwan wani reshe ya kai wajen digiri 27, alhali salmon yana fara shan wuya tun daga wajen 23, ana dasa itatuwa da burin kai miliyan 1 domin su yi wa ruwa inuwa, aikin da masu dasawa da yawa ba za su ga cikarsa ba. A Norwe kuma, inda wata ƙwayar cuta mai suna Gyrodactylus salaris ta shigo a shekarun 1970 ta kama koguna wajen 50, sai da aka kashe kifin wasu koguna ɗungum da magani, aka sake zuba irinsu na asali da aka adana, kana aka tsarkake yawancinsu. Amma a watan Yuni na 2024, da aka ga kifin da ya komo ya yi ƙaranci ƙwarai, hukumar muhalli ta ƙasar ta rufe koguna 33 ana tsakiyar lokacin fatsa, cikinsu har da Gaula da Orkla. Masu masauki da masu gonakin bakin kogi suka yi asara, kejin kiwo kuwa suna nan a mashigin teku ana ci gaba da jayayya a kansu a majalisa da jaridu.