Zauren Kwamfuta da Baƙon Nesa

A gidan Bahaushe ba a faɗawa tsakar gida kai tsaye. Sai ka tsaya a zaure ka yi sallama, a leƙo a ga ko wane ne, sannan a ce bismilla. Allon nan da ke tarar ka idan ka kunna kwamfuta mai Linux, yana neman sunanka da kalmar sirri, aikin zaure yake yi. Na GNOME sunansa GDM, KDE na da SDDM, wasu kuma sun fi son LightDM saboda rashin nauyinsa.

To, idan baƙon ba a gaban kwamfutar yake ba fa? A ce makaranta na da babbar kwamfuta ɗaya, tana son ɗalibai su riƙa shiga cikinta daga tsofaffin kwamfutocin aji. Tsohuwar hanyar ita ce XDMCP, wadda ta fito a 1989 tare da X11R4, wato ɗaya daga cikin fitowar X, tsarin da ke nuna tagogi a allo. A LightDM sai ka buɗe /etc/lightdm/lightdm.conf, ka rubuta enabled=true a ƙarƙashin [XDMCPServer], ka sake tayar da manhajar. Ka dai adana aikinka tukuna, domin sake tayarwar na fitar da duk wanda ke ciki. Daga nan zauren zai fara sauraron sallama ta ƙofa mai lamba 177 ta UDP. Shi ke nan.

Sauƙin nan ne ke ba ni tsoro. XDMCP ba ta lulluɓe komai. Duk harafin da baƙo ya latsa, har da kalmar sirri, tsirara yake bin waya. Tamkar mutum ya tsaya a bakin titi ya ɗaga murya yana gaya wa maigida inda ya ɓoye makullin ɗakinsa, ga mai shayi, ga 'yan acaɓa, kowa na ji. Lokacin da aka ƙirƙiro ta, kwamfutocin jami'a ko na ofis ɗaya ne ke magana da juna, kusan kowa ya san kowa. Yau kuwa akwai manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa ƙofofin jama'a a intanet. Kuma kada wani ya ce zai rufa mata asiri da SSH, domin ramin SSH na yau da kullum TCP yake ɗauka, ba UDP ba.

Zamani ma ya juya mata baya. Wayland, da ke maye gurbin X, bai san da ita ba. GNOME 46 na 2024 ya zo da shiga daga nesa ta RDP, GDM na tarar baƙo kamar yana zaune a gabansa, kuma zancen a lulluɓe yake tafiya. A sauran tsare-tsaren akwai xrdp, mai jira a ƙofa ta 3389.

In cikin aji ɗaya ne, wayoyin duk a hannunka suke, XDMCP za ta yi maka aiki. In kuwa baƙon daga wani gari zai shigo, ka ɗauki RDP, ka bi da shi ta VPN ko SSH, sannan ka toshe 177 da 3389 daga ɓangaren intanet.